Yatsan da Aka Hana wa Ruwa

Daga Legas, zuwa ga Yaya Malam Abdussamad, Shinkafi.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina nan ina gadina. Sai dai babban yatsan ƙafata ya yi baƙi, ko jin sa ba na yi. Likita ya ce jini ne ba ya isa wurin, kada ruwa ya taɓa shi. Ga damina, ko'ina ruwa. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Yaya, kai ne malami: shafa kan bandeji ta isar min alwala? Kada Inna ta ji tukuna. Litinin zan koma asibiti. In sun cire shi, a nan zan binne shi, ko gida ake kawowa?

A saka ni a addu'a.

Ƙaninka,
Balarabe