Yatsan Ba Ajimi

Litinin, 6 ga Maris, 2017
Manhajar wayar da na haɗa ta tafi sansanin 'yan gudun hijira yau. Hotunan mutanen da aka tsinta a wasu garuruwa ne, ana jan shafi sama, ƙarƙashin kowane hoto da maɓalli: "Na san shi." Margaret, jami'ar da ke zagayawa da ita, ta ce in biyo ta. Na ce ina da aiki. Tsoron taro nake tun harin kasuwa.

Laraba, 8 ga Maris
Margaret ta dawo a fusace. Wani dattijo, Ba Ajimi, ya ga hoton da ya rantse matarsa ce, rabonsu tun ranar da suka gudo daga Bama. Ya danna, hoton ya zame, ba abin da ya shiga. Suka yi ta nema, fuskoki suka cakuɗe masa, ya tashi ya tafi. Na gwada a gabanta, lafiya lau. Ta ce, "Ke yatsan 'yan jami'a gare ki."
Ban ci abinci ba. Su Mama a Kaduna, layi ba ya shiga.

Alhamis, 9 ga Maris
Na roƙe ta ta nuna mini daidai yadda ya yi. Ta kafa babban yatsa ta mirgina shi, yadda ake dangwale da tawada. Haka duk tsofaffin suke yi, in ji ta, a kowane layin rabon kayan agaji haka aka koya musu.
To, na gane. Shafin da ake ja shi ne uwa a yaren aikinmu, maɓallin ɗa. Taɓi yana fara isa ga ɗan, amma da yatsa ya gusa kaɗan sai uwar ta ɗauka ja ake yi, ta ƙwace, a soke dannawar. Ni da linzamin kwamfuta na yi yawancin gwajina. Linzami ba ya mirginawa.

Asabar, 11 ga Maris
Na gyara. In taɓi ya fara a kan maɓalli, ɗan zai hana uwar ƙwacewa har a ɗaga yatsa. Na ƙara masa faɗi. Unguwarmu Moduganari tsit, ni kaɗai nake ta dangwala wa gilashi yatsa.
Amma ban san wane hoto ba ne. Shi kaɗai ya sani.

Litinin, 13 ga Maris
Na je. Aka lalube mu a bakin ƙofa, na shiga cikin taron. Da ƙyar Ba Ajimi ya yarda ya sake kallo. Ni na riƙe masa wayar, ina jan shafin a hankali. Can ya ce, "Tsaya, 'yata. Kellu ce." Ya dangwala, ya mirgina, ya ƙi ɗaga yatsan. Na ce, "Ai ya shiga, Baba." Ya ce a'a, bari dai ya riƙe ta tukuna.
A Monguno aka ɗauki hoton. Sai an bincika, ban yi masa alkawarin komai ba.
Na ce wa Margaret zan sake biyo ta jibi. Don gwaji ne kawai.