Kacallar da Sabitu Ya Ƙona

Nguru

Zuwa ga jikana kuma angona Sabitu,

Sallama mai yawa. Ina gajiya, yaya Radiyya da yara?

Ka tuna kacallar nan, doguwar ciyawar ruwa da ka banka wa wuta bara kana cewa ka gama da ita? To tana godiya. Tokar ta zame mata taki, ta dawo har ta fi ka tsawo. Ta toshe mashigar ruwan fadamata. Kifi ya daina zuwa, tsuntsayen jan-baki kuwa sun tare a cikinta suna jiran shinkafar da ban ma shuka ba. In ruwa bai shigo cikin sati uku ba, bana na tashi a banza. Na kasa zama, sau huɗu nake leƙa gonar a yini.

Kakarka, Gumsu

Gashua

Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Don Allah ki haƙura da gonar nan, shekaru sun ja. Na gyara miki ɗaki har da fanka. Ranar Juma'a zan zo in ɗauko ki. In kin ƙi, sai in sake ƙona ta, da fetur galan biyu.

Naki, Sabitu

Nguru

Angona,

Ina amsawa. Galan biyu! Wato ka ƙara mata abinci ke nan. Kakanka Goni bai taɓa sa mata wuta ba. Ruwa yake shiga har ƙirji, ya yanke ta can ƙasa da lauje, ruwan ya rufe kanta, ta shaƙe ta ruɓe. Ita ma numfashi take yi, ɗan boko! Na wasa lauje biyu. In ba ka zo ba, zan ɗaure zani in shiga da kaina, duk Nguru ta ji cewa Gumsu rago ta aura.

Ka gai da fankar.

Gumsu

Nguru

Radiyya 'yar albarka,

Gaisuwa. Kada ki jira mijinki wannan satin, yana nan cikin ruwa da lauje. Matsattsaku bakwai na cire masa a ƙafa, ihunsa har belbelu suka tashi. Jiya da hantsi ruwa ya shigo gona, da 'yar tarwaɗa a gaba.

Ɗakin nan mai fanka, ki bar shi a share. Buhunan shinkafa ne za su zauna a ciki.

Allah ya bar mu tare.

Gumsu