Sifirin da Bala Ya Ƙi Sa Mini

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali duka. Ka sani da hannuna na rubuta wannan.

An ba ni aikin kai abinci Arfa bana, amma idan na ɗaura ƙaramar tirela a bayan motata, sai ta riƙa tsalle har miya ta zube. Na je garejin Bala, ƙanin matarka, a unguwar Ka'akiyya, domin ya ƙara mini sifirin, ƙarfen nan da ke rage wa mota tsalle. Ya ce, "Malam Idi, naka lafiya lau, matso da tukwanen gaba kawai." Na matsar, tsallen ya ragu. Amma ina ka taɓa ganin bakanike ya ƙi aiki? Washegari kuwa na iske shi yana sa wa motar Hamisu sabon sifirin, Hamisun da ya nemi aikin nan aka ba ni.

Idan miya ta zube ranar Arfa, Hamisu za a kira a madadina. Kai ka san halin Bala. Ka faɗa mini gaskiya kafin wata ya kama, ko bakinsa ɗaya da Hamisu. Kada matarka ta ji.

A gaida Inna, ta sa ni cikin addu'a.

Ƙaninka,
Idi