Ya sake ni wai don kada in zauna jiransa

Assalamu alaikum admin da 'yan group, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu da ƙawayen yayata a nan, kuma har yau gida ba su san halin da nake ciki ba. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri zancen da ɗan tsawo, abin ne ya cika min ciki.

Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Dubai da mijina, mun kusa shekara biyar da aure, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Ina aiki a shagon wata Hajiya 'yar garinmu a Al Sabkha, abaya da turare muke sayar wa masu zuwa sari, bizata ma ta shagon ce, na faɗi wannan ne tun da wuri don kada wani ya zo yana cewa zaman biza nake yi da shi. Shi kuma mai walda ne a Ras Al Khor, mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi. Ɗaki ɗaya muke haya a Al Nahda, cikin fulat ɗin da muka haɗa da wasu iyalai, kicin ɗaya, layin banɗaki ɗaya, amma wallahi ban taɓa jin ƙunci ba. Mutum ne mai shiru-shiru, ni ce mai bakin, in na yi ta faɗa sai ya bari na gaji ya ce to khalas, shi ke nan, a ba mu abinci. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga min hannu ba, kada ma wani ya fara kawo wannan.

Aibinsa ɗaya, son ruwa. Ranar hutu mazan mutane na kai matansu mol yawon shaguna, ni nawa sai ya ja ni bakin ruwan Deira mu tsaya cikin zafi muna kallon ana loda firji da tayoyi a jiragen katako, yana min bayanin igiya. Har Sarkin Ruwa nake ce masa don tsokana, ina ce masa ruwa fa ba sa'an kwando ba ne, ni 'yar Kano iyakata da ruwa bokiti.

To watannin baya wani jirgi ya shigo tashar jiragen ruwa don gyara, ba irin na kwantena ba, irin na mutanen da ne, mai dogayen turaku kamar hasumiyar masallaci, da manya-manyan ƙyallaye da ake warewa iska ta riƙa tura shi, akwai inji amma wai sai ta kama dole ake kunnawa. Aka tura shi da abokan aikinsa yin walda a can saman turakun. Tun ranar farko na san an samu matsala, don ya dawo yana surutu, mutumin da sai na yi da gaske nake jin muryarsa. Bayan 'yan kwanaki kaftin ɗin jirgin, wani dattijon Bature, ya ce suna neman mai walda da ba ya tsoron sama a cikin ma'aikatansu, in yana so akwai wuri. Tafiyar kuwa ba ta nan kusa ba ce, za su gangara su kewaye ƙasan Afirka su tsallaka babban teku su wuce can gaba, fiye da shekara, kuma sai su yi makonni ba netwok, sai in sun isa wata tasha.

Da ya faɗa min dariya na yi, na ce sai ka dawo Sarkin Ruwa, a taho mana da kifi. Da na ga ba wasa yake ba na yi fushi, na daina masa magana, na daina zuba masa yaji a abinci, duk abin da kuka san mace na yi na yi. Bai yi musu da ni ba, ya ce kawai in zo in ga jirgin sau ɗaya. Na je, a raina na ce in je in ga abin da zai raba ni da miji. Ina tsaye a ƙasa ya kama igiyoyin nan ya hau, yana ta hawa har ya koma ɗan ƙarami, ni kuwa ina ta innalillahi. Da ya sauko na kalli fuskarsa, jama'a shekara biyar ina tare da mutumin nan ban taɓa ganin wannan fuskar ba, ko ranar aurenmu. A cikin jirgin ƙasa na metro muna komawa na ce masa ya je, na yarda, zan jira shi. Ni da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Daga nan ya fara zuwa koyon aikin bayan ya tashi, hannunsa duk ya yi kanta, igiyar shanyata ma ba ta tsira ba, a ƙafar gado yake ɗaure ta yana koyon ƙulli. Ya je wajen wani malami a Deira ya tambayi yadda ake sallah in jirgi na juyawa alƙibla na canzawa. Ni kuma na fara haɗa masa yaji da kuka da dambun nama, ina tsokanarsa wai zai koya wa Turawa cin tuwo. A zuciyata na riga na shirya, shekara ɗaya ce kamar yau, mata nawa ne a Kano mazansu ke nan Dubai suna can suna jira.

Ashe ba tambayar sallah kaɗai ya yi wa malamin ba. Ya tambaye shi hukuncin matar da mijinta ya ɓace ba a ga gawarsa ba, malam ya ce sai ta kai ƙara wajen alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu tana jira, sannan ta yi idda. A nan sai na gaya muku wani abu don ku fahimce shi. Mahaifinsa mai jirgin kwale-kwale ne, yana ɗaukar kaya a kogi, wata rana ya tafi bai dawo ba, ba a ga jirgin ba, ba a ga mutum ba. Innarsa ta zauna a gidan nan, ba ta yi takaba ba, ba ta yi aure ba, 'yan uwa suka yi ta cewa ta je wajen alƙali ta ƙi, ta ce in ya dawo fa. Ya ce min ko daka take in ta ji ƙarar injin jirgi sai taɓaryar ta tsaya a hannunta. Haka ta tsufa, haka ta rasu. Na san labarin tun kafin aure, na tausaya, amma ban taɓa kawowa zai biyo ni har ɗakina ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci har ya ƙara, wannan ƙarin har yau yana min ciwo. Ya wanke hannu, ya kira sunana na gaskiya wanda rabon da in ji shi a bakinsa na manta, ya ce ya sake ni saki ɗaya. Na tsaya da kwano a hannu ina kallonsa. Ya ce ba laifin da na yi masa, ya ce duk duniya ba wadda yake so kamar ni, amma ya yi rantsuwa a gaban kabarin Inna ba zai taɓa barin mace a rataye ba. Wai in idda ta cika na zama mai 'yancin kaina, in Allah ya dawo da shi ya same ni ban yi aure ba sai a sake ɗaurawa, in kuma ruwa ya ci shi ba abin da ya ɗaure ni.

Ranar 'yan fulat ɗinmu sun ji muryata. Na tambaye shi yaushe na ce masa ba zan iya jira ba, wa ya aike shi ya yanke min hukunci, na ce ni ba Inna ba ce kuma wannan ba kwale-kwale ba ne, jirgi ne mai na'urori da kaftin. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Shi dai kansa a ƙasa, yana ta cewa in yi haƙuri don ni ya yi. Washegari na sa shi dole muka koma wajen malamin, malam ya yi masa faɗa sosai, ya ce ba haka ake yi ba, ya mayar da matarsa ya yi kaffarar rantsuwarsa, in ma tsoro yake ji ya sa sharaɗi, in wa'adi kaza ya wuce bai dawo ba al'amarin na hannuna. Ya saurara da ladabi, muka fito, a hanya ya ce min ya san ni, ko an sa al'amarin a hannuna ba zan taɓa amfani da shi ba, zan zauna ne kamar yadda Inna ta zauna. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Yanzu idda nake yi, kuma kun san a ɗakin miji ake yin ta. Ɗaki ɗaya ne da mu, ni a gado shi a kan darduma a ƙasa, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba. Ina dafa abinci yana ci, yana ce min sannu da aiki kamar baƙo. Da safe in shiga bas zuwa shago ina kuka a cikin niƙabi, in isa in wanke fuska in hau yi wa kwastoma habibti wannan kalar ta fi miki kyau. Mamana in ta kira ta ce ina mijin naki, in miƙa masa waya su gaisa, ta sa masa albarka.

Hajiyar shagonmu ce kaɗai ta sani, ita ma don ta kama ni ina kuka a sito ne. Ta ce min, 'yar nan ke sakarya ce, ai don haka shari'a ta ce ki zauna a ɗakinsa, ki yi kwalliya ki sa turare, namiji ne, kafin sati zai mayar da ke. Har turaren wuta ta ɗauko min na musamman ta ce kyauta. Sai dai akwai abin da Hajiya ba ta sani ba. Bayan mun dawo daga wajen malam ya ce min shi ba zai haɗa biyun ba, in dai ya mayar da ni to ya fasa tafiya, zai je ya ce wa kaftin ya nemi wani. Ya ce kuma ba sai na wahalar da kaina ba, in ce masa zauna kawai, a take zai mayar da ni, ba zai taɓa goranta min ba.

Na gwada shawarar Hajiya sau ɗaya. Na dawo da wuri, na yi wanka, na sa leshin da yake so, na turara ɗaki. Ya buɗe ƙofa ya tsaya, jakarsa a kafaɗa, idonsa ya kaɗa ya yi ja, na ga bakinsa na motsi zai faɗi kalmar mayar da ni. Wallahi da na ƙara minti ɗaya a tsaye da yanzu ni matarsa ce. Ni da kaina na raɓa ta gefensa na shige banɗaki na wanke fuskar, don abin da na gani a idonsa ba murna ba ce, irin kallon mutumin da ya ga an zo tafiya da shi ne kuma ba zai yi gardama ba. Na san in ya zauna zai riƙe alkawari, ba zai goranta min ba, zai koma walda a Ras Al Khor ya ci gaba da shirunsa, ni kuma kullum in san ni na hana.

Yanzu na yi tsarki biyu saura ɗaya, gyaran jirgi kuma ya kusa ƙarewa, kusan tare za su zo. Wasu za su ce mai sonki ba ya sakinki, na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, wani lokacin in ji na tsane shi, in ce son kai ne kawai ya naɗe da sunan tausayi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina jin sa yana juyi a kan dardumar nan, na san ba daɗi yake ji ba. Ina sonsa, ban iya daina son nasa ba, kuma zuciyata ta karye.

Jiya ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko zan zo in raka shi tasha ranar tafiya. Lissafi na tsaya yi, in idda ta cika kafin jirgin ya tashi, a wane matsayi zan je. Mata 'yan uwana, iyayena da ke cikin group ɗin nan, malamai, don Allah ku gaya min gaskiya ko da ɗaci, in ce masa zauna in samu mijina, ko in yi shiru ya tafi? Kuma in na yi shirun na je rakiya, ko hannunsa ba zai halatta in riƙe ba, to me mace take yi da hannuwanta a wajen?