Labule Ba Bango Ba Ne, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga mai girma Daraktan asibitin da mu talakawan gefen gari muke zuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da iyalinka da ma'aikatanka, har da sakatarenka, wanda na je wurinsa sau huɗu ina neman ganinka, sau huɗun yana ce mini "ambakir". Na san ambakir gobe ce a Larabcin garin nan. Abin da ban sani ba shi ne, goben ofishinka ba ta wayewa. Shi ya sa na ɗauko maganar na shimfiɗa ta a bainar jama'a.

Sunana Malam Ilu, mahauci ɗan mahauci. Mahaifina daga Damagaram ya zo, ni a nan N'Djamena aka yanke mini cibiya. Teburina na nama da kilishi yana unguwar Klémat, gidana yana unguwar Atrone. Damina biyu ke nan da matata Zainabu ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar mini 'ya'ya huɗu. Babbarsu Hadiza, shekararta goma sha bakwai, tana lakwal, wato makarantar boko. Yarinya ce mai surutu kamar rediyon mai shayi. Bayan rasuwar ta riƙe gidan, ina ta yabonta a wurin mutane. Sannu a hankali surutun ya ɗauke. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa lakwal, ta kan zauna ta zuba wa bango ido har tuwo ya ƙone.

Ban zauna ba. Na karɓo rubutu, na yi mata hayaƙi har kajin maƙwabta suka yi ƙaura. Na gasa mata hanta kullum, don a iya sanina babu cutar da hanta ba ta tayarwa. Ba ta tashi ba. Malamar ajinsu ce ta biyo ni har teburina ta ce akwai wani ɗaki a asibitinka, ranar Talata, inda wata mata mai suna Madam Odil take zama ta saurari matasa da iyayensu. Na ce, "Saurare kawai? Ba allura?" Ta ce in je in gani.

Na je na gani, ga kuma abin da na gani.

Na ɗaya. Ranar farko daga mayanka na wuce, don kada in rasa layi. Rigata da jini, wuƙata a ƙugu na manta ban ajiye ba, ina ta tambayar hanya da ƙarfi, rabi Hausa rabi Larabci. Hadiza na biye da ni cikin tsabta, shiru. Mai rajistarka ya dube ni, ya dube ta, bai tambayi kowa komai ba ya rubuta sunana a layin majinyaci, ya rubuta nata a layin mai rakiya. Kafin in ce uffan ƙarti biyu sun tsaya a bayana suna ce mini in kwantar da hankalina, "mafi mushkila", wai ba matsala. Ina ƙara bayani suna ƙara matsowa. Ranar ce na ji Hadiza ta yi dariya karo na farko cikin watanni, saboda haka wannan na yafe. Amma ka ce wa mai rajistar ya riƙa tambaya.

Na biyu, wanda shi ne tushen ƙarata. Ɗakin da kuka ba Madam Odil ba ɗaki ba ne, rabin ɗaki ne. An ratsa shi da igiya, an rataya labule mai zanen kifaye. A ɗaya gefen labulen akwai ma'aikacinka Mushe Adum, mai buga hatimi a katin rigakafi na masu ƙetare gadar Ngueli ta kan iyaka zuwa Kousseri. Na san mushe ladabi ne a Faransanci, amma a sana'armu sunan dabbar da ta mutu ba yanka ne, don haka duk lokacin da na gaishe shi sai na yi istigfari. Ranka ya daɗe, ka san su wa ke neman wannan katin? 'Yan kasuwa. Rabinsu Hausawa ne 'yan Nijar da 'yan Najeriya, rabin wannan rabin kuma a teburina suke sayen tsire. Ga yarinya tana neman inda za ta fara maganar da ta kasa yi a gidan ubanta, ga takalman mutum ashirin a ƙarƙashin labule, duk sun daina motsi don kada kalma ta wuce su. Ni daga inda nake zaune na gane Alhaji Sale mai atamfa da babban yatsansa.

Ga kuma hatimin. Madam ta yi tambaya a hankali, Hadiza ta ja numfashi za ta amsa, sai ka ji dam! Ta sake tattaro kanta, dam! dam!

Na uku, fassara. Madam mutumiyar kudu ce, Faransanci take yi. Larabcinta na gaisuwa ne, nawa na ciniki. Zan iya sayar maka da cinyar rago da Larabci har in yi maka rantsuwa, amma abin da ke cikin ƙirji ban san sunansa ba sai da Hausa. Talata biyu ta gan mu tare, sannan ta ga Hadiza ita kaɗai sau biyu, ina tsaye a waje ina harar masu layi. A Talata ta biyar ta ce in shigo, akwai abin da 'yata take so in ji. Hadiza ta sunkuyar da kai ta fara magana da Faransanci, doguwar magana, hawaye na zuba. Ni ina gyaɗa kai ina cewa "wi, wi" kamar na gane. Madam ta fara lalubo Larabcin da za ta juya mini, sai muka ji hatimi ya tsaya. Wata murya ta fito daga bayan kifayen nan, da Hausar da aka koyo a tashar motar Maiduguri:

"Malam, yarinya ya ce kai ne matsala."

Na miƙe. Na ce, "Wa ya sa da kai?"

Ya ce, "Ni taimako nake yi. Madam zai kwana bai gama ba, ni kuma aiki yana jirana, ina so in ji ƙarshe."

Wani daga cikin layi ya ce, "Ba haka ta ce ba, Mushe, ka rage wani wuri." Wani ya ce a bar shi ya ƙarasa. Ranka ya daɗe, a kan ciwon 'yata aka buɗe mahawara, har da mai neman a maimaita don shi yanzu ya iso.

Madam ta tashi. Ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta yaye labulen ta yi magana da Faransanci wadda ban buƙaci fassararta ba, ta kore su duka zuwa baranda har da Mushe da hatiminsa, ta sa kujera ta tokare ƙofa. Ta dawo ta zauna ta ce wa Hadiza, in za ta iya, ta faɗa mini da harshen da uwarta ta yi mata magana da shi.

Tunda rabin kasuwa ya riga ya ji, kuma ita ta yarda in faɗa, bari in faɗa daidai. Ta ce, "Baba, tun ranar sadakar arba'in ba ka sake kiran sunan Inna ba. Ka kwashe kwanukanta ka kai gidan Gwaggo. In na fara maganarta sai ka ce in yi haƙuri, in duba tukunya. Kowa cewa yake na zama uwa. Ni ban zama uwa ba, Baba, tawa uwar ce ta mutu."

Ni da na kwashe kwanukan nan, wallahi don kada ta gani ta tuna na kwashe su. Ashe ni nake gudun gani. Ranar sai da Madam ta miƙo mini ruwa.

Washegari na ɗauko kwanukan a kan babur, suna ƙara tun daga gidan Gwaggo a Klémat har Atrone kamar ana shelar biki. Muka jera su. Na ba yara labarin ranar da uwarsu ta bi ɓarawon akuya da muciya har bakin titi, ta dawo da akuyar da hular ɓarawon. Muka yi dariya, muka yi kuka. Hadiza ta ci tuwo rabin malmala. Ba ta warke a ranar ba, kada in yi maka ƙarya. Amma ta koma lakwal kwana uku a mako, kuma tun daren Litinin take goge takalminta na zuwa wurin Madam.

Na huɗu. Labarin ya riga ni isa kasuwa, ya kuma yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce ni ne na taɓu, har an ɗaure ni. Mako guda mutane na tsayawa nesa da teburina suna nuna naman da suke so da sanda. Alhaji Sale ya zo ya yi mini jaje da murya mai taushi, idonsa na kan wuƙata. Wannan duk na jure, fatar mahauci kauri gare ta. Amma an nuna Hadiza da baki a famfo, ta dawo gida ba ruwa. Sai dai in faɗi gaskiya duka: cikin masu tsegumin, mata biyu da namiji ɗaya sun dawo a ɓoye, sun sayi ƙashin miya da ba sa buƙata, sun tambaye ni wace rana ce matar nan take zama. Ɗaya ɗanta ne ya daina barci tun da ya ga haɗari a hanyar gada. Ɗaya 'yarta ce take yankar hannunta. Ka ga ba gidana kaɗai ke yoyo ba.

Na biyar, kuma a nan nawa laifin yake. Ranar da aka kunyata 'yata a famfo na zo asibitinka a fusace, na samu mataimakinka, na ɗaga murya. Na ce wannan ɗaki bai dace ba, abin kunya ne, a yi wani abu. Ya rubuta, ya ce "kalas", wato shi ke nan, za a duba. An kuwa duba da saurin da ban taɓa ganin irinsa a ofishin gwamnati ba. Talatar da ta biyo muka tarar da takarda a ƙofa. Hadiza ta karanta mini: an dakatar da sauraren matasa har sai an samu ɗakin da ya dace, bisa koken iyaye. Iyayen nan ni ne. An mai da Madam sashen awon jarirai. An cire labulen, Mushe Adum ya gaji ɗakin gaba ɗaya, har ya shigo da tabarma da butar shayi. Garin neman gira na rasa ido, ba nawa kaɗai ba, har na mutanen da na yi wa kwatance.

Wata uku ke nan. Mun je wurin Madam a sabon sashenta, ta rungume Hadiza da jariri a hannu ɗaya, ta yi mata magana minti biyu a tsaye, uwaye na jira. Hadiza ta fara komawa kallon bango. Ni na san alamar yanzu, kuma na san hanta ba ta maganinta.

Saboda haka ga roƙona.

A dawo da Madam Odil bakin aikinta na Talata, tun wannan makon, ko a ƙarƙashin bishiya ne, mu iyaye za mu tsaya nesa mu kore masu kunne. A gina bango inda labulen nan yake, a fasa wa Mushe ƙofarsa ta waje. Taku uku ne da rabi, na auna. Ƙanena magini ne, ya ce yini ɗaya ya ishe shi, ni zan kwaɓa masa ƙasa, iyayen nan uku sun ce za su kawo bulo. Izininka kawai muke nema, da sa hannu. A samo mai fassara mai riƙon amana, mace in da hali, wadda ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na rubuto maka da Hausa da gangan, don kai ma ka ɗanɗani neman wanda zai juya maka magana. Ina ba ka shawara kada ka kai wa Mushe Adum, zai ce maka kai ne matsala.

Shi kansa Mushen ba na so a taɓa abincinsa. Ya zo har teburina ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma tasa 'yar ba ta magana da shi, yana so a sa shi a layi.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare 'ya'yanka daga ciwon da ba a gani a awo. In kuma ya jarrabe su, Allah ya haɗa su da mai saurare, a ɗaki mai ƙofa.

Wannan takarda ni nake faɗa, Hadiza ke rubutawa, ta kuma ƙi rubuta kalmomi biyu da na faɗa a kan mataimakinka. Na tambaye ta ko tana da abin da za ta ƙara da bakinta. Ta daɗe tana juya biro, sannan ta ce in gaya maka ita ba ta zo da ƙarar kowa ba. Ranar da aka rufe ƙofar nan akwai maganar da ta yi mako guda tana shirya yadda za ta faɗa wa Madam, kuma har yau tana riƙe da ita.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Ilu mahauci, Atrone, N'Djamena.