Sumayya da makullin mota

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan unguwar Mansur ta Makka lafiya lau, sai ruwan hunturu.

'Yarki Sumayya ta cika sha takwas, ta karɓi ruksar tuƙi, wato lasisi, kai ya kumbura. Ranar Asabar ta shirya kwasar ƙawayenta zuwa Ɗa'ifa kallon ƙanƙara. Babanta ya ce babu inda za ta, an yi gargaɗin ruwa, hanyar kuma hawan dutse ce.

Ta ce, "Ya Baba, wallah sama garau take!"

Ya ce, "Ruwan Makka daga duwatsu yake saukowa, ba ya sallama."

Kin san zuciyarta, irin taki ce sak. Ta fizgi makulli ta fice, muka ji tashin mota. Gabana ya faɗi, Yaya, har na fara kuka.

Ba a jima ba sai ga ta a ƙafa. Ashe daga kwarin layinmu ta ɗauke motar ta kai tudu, ta kuma ƙwanƙwasa wa maƙwabta su janye nasu. Ta ajiye makullin gaban babanta, fuska a murtuke.

Bayan la'asar layinmu ya koma kogi. Babanta ya daɗe a taga, sannan ya miƙa mata makullin ya ce, "Riƙe abinki, direba."

Ki gaida Inna da Kawu Sani, ku sa Sumayya a addu'a. Zuciyar taki ce, amma hankalin nawa ne!

Ƙanwarki,
Bilki