Katangar tsoho muka rushe, alhali ɗakina ne ya tare ruwa

Salamu alaikum 'yan gida. Admin, ka rufa min asiri ka cire sunana, akwai 'yan layinmu a nan. Don girman Allah shawara nake roƙo, kuma kafin ranar Litinin nake buƙatarta.

Ni tela ne a Jos, gidana yana bakin rafi a gangaren Tudun Wada. Duk damina sai ruwa ya shigo mana, shi ya sa mu masu gidaje a layin muka yi inshorar ambaliya a dunƙule, ni ne sakatare tunda na ɗan yi boko. Abin da muke biya duk shekara ya yi mana nauyi, muka koka, sai kamfanin ya turo wata madam ta zagaya rafin da takalmin roba, ta ce idan muka gyara hanyar ruwa da kanmu za a rage mana. Muka kwashe bola, muka yashe kwalbati, muka dasa ciyawa a gaɓa. Wallahi an yi aiki, Musulmi da Kirista, har mata sun fito suna kwasar laka.

Ya rage wuri ɗaya inda rafin ya matse. Ta wannan gefen akwai ɗakin da na ƙara a bayan gidana, na cike bakin rafi da ƙasa na ɗora bulo, da niyyar in sa haya. Ta wancan gefen kuma katangar dutse ce ta wani tsoho, mu ce da shi Baba Audu, wanda ya yi aikin haƙar kuza da ƙuruciyarsa. Da hannunsa ya jera duwatsun tun ba a haife ni ba, su ke kare ɗakunansa biyu na ƙasa. Shi ne ma ya yankar min filin da nake ciki lokacin da na zo garin nan ba ni da kowa.

Rahoton madam ya zo da Turanci, a hannuna ya faɗo. An rubuta ƙarara cewa ɗakina ne ya tare ruwa, a rushe shi, katangar tsoho kuwa a bar ta don ita ke riƙe da gaɓar. A mitin ɗinmu sakatare ne ke karanta takarda ya mayar da Hausa, ba mai cewa a ba shi ya gani, ko ciyaman ɗinmu Oga Sunday bai taɓa tambaya ba. Na miƙe na ce madam ta ce katangar Baba Audu ce matsalar.

Tsoho ya ce ba zai rushe ba. Nan layi ya juya masa baya, aka daina gaishe shi, mata suka riƙa juye lakar kwalbati a ƙofar gidansa, mai shago ya ƙi sayar wa matarsa Inna Laraba ko ashana. Ni na fi kowa zaƙewa, na ce tsohon nan ƙafarsa ɗaya tana kabari amma so yake ya tafi da gidajenmu. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganar. Aka ce a cire shi daga inshorar har sai ya yi hankali, da birona na soke sunansa.

Ranar Asabar ɗin tsaftar unguwa muka je da diga. Yana zaune a kan turmi yana kallonmu, sai ya kira ni gefe.

"Ɗana, ka tabbata haka takardar nan ta ce?"

Na ce na tabbata, Baba. Ya ce to shi ke nan, ku yi. Da yamma na sa aka kwaso min manyan duwatsun na tokare gindin ɗakina da su. Hoton shaidar aikin da na tura wa kamfani na ɗauke shi ta inda ɗakin ba zai fito ba. Suka rage mana kuɗi, 'yan layi suka koma ce min injiniya.

A watan Agusta aka yi ruwa bayan la'asar. Gidajenmu ko tabarma ba ta jiƙe ba, rafin ya bi ta gidan tsoho kai tsaye. Bango ya faɗo wa Inna a ƙugu, har yau ba ta taka ba. Ba su samu komai daga kamfani ba tunda ban mayar da sunansu ba bayan an rushe katangar, mutane kuma suka ce taurin kansa ne ya ja masa. Ni na ba su ɗakin nan nawa su zauna. Kar ku ce tausayi ne, lissafi na yi, na san ɗakin da marar lafiya ke kwance ciki ba mai ɗaga masa diga. Har liman ya yaba min a masallaci.

Yanzu madam ta aiko cewa Litinin za ta dawo ta duba da idonta kafin a sabunta mana inshorar. Tana zuwa za ta ga ɗakin a tsaye, ta ga babu katanga, ta yi magana a gaban kowa. In na riga ta faɗin gaskiya, ragin kuɗin ya tafi, layi zai cinye ni ɗanye, a rushe ɗakin, tsofaffin nan su koma titi karo na biyu ta dalilina. In na yi shiru, kwana uku kawai na ƙara. Tsoro nake ji, kuma gaskiya na fi jin tsoron kunya a kan abin da na yi musu.

Jiya na kai musu koko, Baba ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce yana so in yafe masa wahalar da ya ba ni a kan katanga, tsufa ne. Sannan ya shafa bangon ya ce, "Allah ya sa ka gina ɗakin nan, ɗana. Da ina za mu sa kanmu?"

'Yan uwa, wa zan fara faɗa wa, Oga Sunday ko Baba? Kuma in Baban ne, da wane baki zan fara?